Tarewa a gidan da aka gama gyarawa cikin hunturu: in kwaso iyali ko in dakata?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa a Marwa. Gidan mahaifinsu ne a unguwar Domayo, tsohon gini, rabinsa bulo rabinsa tubalin ƙasa. Bayan ɗaukewar ruwa ya sa aka yi masa gyara: sabon shafen siminti ciki da waje, tayil a ɗakuna uku, silin, sabon kwano a ɓangare ɗaya, ƙofofin katako, sai fenti da aka gama kwana huɗu da suka wuce. Yana son tarewa cikin wannan makon na Disamba tare da mahaifiyarsa, da mai ɗakinsa da ke jego, da yara biyu. Magini ya ce masa komai ya bushe. Shin ya tare ko ya dakata, kuma yaya zai yi da sanyi da ƙura?

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya raya abin da aka samu, ya sa gidan zama ne. Sana'ata gini da duba gini. A Garwa nake zaune, amma aiki yana kai ni Marwa da Kuseri da Ngaundare, don haka ƙasarku da iskarku ba baƙi ba ne a wurina. Shawarata kai tsaye ita ce: kaya za su iya fara shiga, amma Hajiya da mai jego da jinjiri kada su kwana a gidan nan sai an ƙara aƙalla kwana goma zuwa mako biyu ana buɗe tagogi kullum. Kuma kada ka sallami mai kwangilar gaba ɗaya tukuna.

Maginin bai yi maka ƙarya ba, ya bushe ɗin. A wannan lokacin me zai hana abu bushewa? Iskar da ke kaɗa muku daga arewa maso gabas take fitowa, ta ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a arewacin Chadi, ta kwashi ƙurar kwarin Bodele, wanda tsohon gindin Tafkin Chadi ne da ya ƙafe tun zamanin da, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Laimar da take ɗauke da ita kaɗan ce ƙwarai. Da rana danshin iska a Marwa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali a watan Agusta sama da kashi 70 yake kaiwa. Da asuba ma'aunin zafi yana wajen 15 zuwa 17, da azahar ya haura 30. To irin wannan yanayi mugun shaida ne a kan gini. Duk aibin da ruwa ke tonawa yana rufe shi, sannan yana zuƙe ruwan siminti tun bai gama yin ƙarfi ba. Gidan da ka gani fes a Disamba ba ka san shi ba tukuna.

Mutane da yawa suna zaton bushewa ce ke sa siminti ƙarfi. Ruwa ne ke sa shi ƙarfi. Garin yana haɗuwa da ruwan a hankali, yana kama yashi da tsakuwa, kuma muddin akwai laima a jikinsa aikin yana ci gaba. Shi ya sa ake ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, kuma a lissafin gini sai ya cika kwana 28 ake cewa ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Ko simintin Figil ne da ke kusa da mu, ko wanda aka ɗauko daga nesa, dokar ɗaya ce. Idan iska ta kwashe ruwan a yini guda, aikin ya tsaya ke nan. Kamar shinkafar da ruwanta ya ƙone kafin ta nuna ne: tukunya a bushe, ƙwayar kuwa ɗanya. Mu a wurin aiki cewa muke shafen ya ƙone, kuma a hunturu aka fi samun haka, musamman a bangon da ke fuskantar iska.

Ba sai ka kira kowa ba, da kanka za ka iya ganewa. Nemi wurin da fenti bai rufe ba, kamar bayan ƙofa, ko saman katanga, ko gefen taga daga waje. Goga tafin hannunka da ƙarfi. Idan yashi ya zubo ya bar maka gari a hannu, akwai magana. Ɗauki ƙusa ka ja layi: shafe mai kyau ɗan farin zane kawai zai nuna, wanda ya ƙone kuwa ƙusar za ta nutse tana tona rami. Sannan ka ɗauki makulli ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa, daga tsayin gwiwa zuwa inda hannunka ya kai. Wurin da ya kama zai ba ka sauti mai tauri, gajere. Wurin da ya saki zai amsa maka da amo irin na abin da ba komai a bayansa. Ka zagaye wurin da alli. Haka za ka yi wa tayil ɗaya bayan ɗaya, ka fi mai da hankali ga kusurwoyinsa, domin mai saka tayil da ke sauri yakan ɗora siminti a tsakiya ya bar gefe a wofi, ranar da ƙafar gado ta hau nan ya fashe. Abin da ba a yi wa fenti ba kuma bai wuce mako biyu ba, kamar daɓen tsakar gida ko katanga, har yanzu ana iya cetonsa: a ba shi ruwa safe da yamma, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna.

Ɓangaren tubalin ƙasa shi ya fi ba ni damuwa a ginin. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau, domin kowanne da yadda yake motsi idan ya sha zafi ko laima. Idan ba a kafa ragar waya ko ƙusoshi a jikin bangon kafin shafe ba, da wuya ya shekara biyu bai fara ɓamɓarewa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne ruwa ya samu hanya ta wata tsaga ya shiga bayan shafen. Ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana jiƙa ƙasar a ɓoye, daga waje kuwa bango sumul. Don haka a wannan ɓangaren ka ƙwanƙwasa sosai, ka kuma duba saman bangon, inda ya haɗu da rufi, ka tabbata ba inda ruwa zai zurara ta baya.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na ce a dakata da jinjiri, domin bango ana gyara shi, rai kuwa ba a mayar da shi.

Sanyi da ƙura suna ce maka rufe ko'ina. Sabon fenti yana bukatar a buɗe ko'ina. Yawancin mutane sanyin suke bi, nan ne kuma matsalar take. Fentin ruwa cikin awa ɗaya ko biyu ya daina kama hannu, amma yana ci gaba da fitar da tururinsa kwana biyu zuwa uku. Fentin mai, wanda ake yi wa ƙofofi da tagogin ƙarfe da ƙasan bango, shi da man da ake tsinka shi da shi, da banish ɗin katako, da gam ɗin da ke jikin allunan silin, duk sun fi haka daɗewa, mako guda ko fiye. Babba zai ji ciwon kai da yajin ido ya share. Jinjiri numfashinsa ya fi naka sauri, huhunsa bai ƙosa ba, kuma yini da kwana a ɗaki ɗaya yake. Tsohuwa mai tarin sanyi ko asma ita ma haka. Abin yi shi ne a raba wa kowanne lokacinsa. Daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ta yi ɗumi, a buɗe tagogi biyu masu kallon juna a kowane ɗaki, a kunna fanka tana tura iska waje, a buɗe durowoyi da ƙofofin kabad. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin dutsen Marwa, a buɗe ɓangaren kudu da yamma kawai. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: rufe ɗakin ruf da daddare, da safe ka shigo daga waje kai tsaye. Idan wari ya tare ka a bakin ƙofa, bai yi ba tukuna.

Na san abin da mata za su ce: a sa turaren wuta. Turaren wuta namu ne, gidan da ba shi ma kamar ba a tare ba. Amma rufe warin fenti yake yi, ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙara hayaƙi a kan abin da ke nan. A yi turaren bayan ɗakin ya sha iska, taga a buɗe, jinjiri kuma yana waje.

Akwai wani abu da ba kasafai ake kula da shi ba a tsofaffin gidaje. A shekarar 2017 Kamaru ta kafa dokar da ta hana yi da shigowa da sayar da fentin da dalmar cikinsa ta haura kaso 90 cikin miliyan. Gidan mahaifinku ya girmi dokar nan. Idan masu fenti sun kankare tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi kafin su shafa sabo, garin da ya zuba yana iya ɗauke da dalma, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara ba tare da an ga alama nan take ba. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Saboda haka kada a share gidan da busasshiyar tsintsiya. A goge ƙasa da bakin tagogi da jiƙaƙƙen tsumma, a canza ruwa, a maimaita sau biyu ko uku, a kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin tagogin daga waje a zubar nesa. Mai jego da mai ciki ba su ne za su yi wannan aikin ba.

Sai gawayi. Ina roƙonka da girman Allah, kada kaskon wuta ko kurfoti ya kwana a ɗaki. Tsohon gidan da kuka sani yana da kafofi ta ko'ina, ƙarƙashin ƙofa, bakin rufi, tagar katako da ba ta rufuwa, iska tana shiga tana fita ba wanda ya lura. Yanzu ka sa silin, ka sa tagogin gilashi, ka toshe duk wata kafa. Al'adar da Hajiya ta shekara da shekaru tana yi ba abin da ya same ta, a wannan ɗakin tana iya kisa. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ta yi ƙaranci yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda ake cewa ya nuna ba komai, shi ma yana fitar da ita. Mai barci ba ya farkawa, nauyi kawai barcin ke ƙarawa. Alamarta ga wanda ke farke ita ce ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kuma sau da yawa sai a ce zazzaɓin sauro ne. Idan ka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai lokaci guda, fitar da kowa waje, buɗe ƙofofi, a tafi asibiti a faɗa musu an kwana da wuta. Janareto ma haka: ba a zaure ba, ba a baranda ba, ba a ƙarƙashin taga ba. A waje, nisan mita 6 ko fiye, bututun hayaƙinsa yana kallon nesa da ɗakuna. Ruwan wankan jego kuma a dafa shi a fili.

Ka yi wa Hajiya wannan bayanin da kanka, cikin ladabi, ka kuma kawo mata madadi, domin hana tsoho jin ɗumi ba tare da ba shi wani abu ba zalunci ne. A ji ɗumin wuta a tsakar gida bayan isha'i, a kashe ta da ruwa kafin a shiga. A ɗaki kuwa jiki ake ɗumamawa: bargo biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai nauyi riƙe ɗumi, sai safa da hula, da gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane a ajiye wajen ƙafa. Tayil yana zuƙe ɗumin jiki, don haka katifa kada ta kwanta a kansa kai tsaye, a sa gado ko tabarma da darduma a ƙasa. Amma ledar ɗaki kada a shimfiɗa ta a kan sabon daɓe yanzu, za ta kulle laimar da ta rage a ciki, bayan wata biyu ka ɗaga ka tarar da baƙi-baƙi da wari.

Rabon ɗakuna ma yana da ilimi. A Disamba da Janairu rana tana karkata kudu, don haka bangon kudu yana shan rana tun safe har yamma ya riƙe ɗumin zuwa dare, bangon arewa kuwa ba ya ganinta, ga shi kuma shi iska ke duka. Ɗakin da ke kudu shi ne na Hajiya ko na mai jego. Na arewa maso gabas a mai da shi na ajiya ko na samari. Ɗakin yamma yana da daɗi yanzu, amma ka tuna da Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, a nan ba mai iya kwana a ciki sai an yi masa rumfa ko inuwa. Kuma ka gaya wa mutanen gida tun yanzu: sabon kwano yana ƙara da daddare, ƙas, ƙas, kamar ana jifa. Ƙarfe ne da ya miƙe da zafin rana yake komawa da sanyin dare. Ba komai ba ne.

Ƙura kam ba a hana ta, rage ta ake yi. A kafa robar tsohon tiyub a ƙasan ƙofofin da ke kallon waje, a sa labule mai kauri a tagogin arewa da gabas, a yayyafa ruwa kafin shara. Ragar sauro tana tara ƙura, a wanke ta duk mako. Tarin ɓaraguzai da ragowar yashi da buhunan siminti a kwashe su kafin yara su iso, maɓoyar kunama ce, kuma iska tana maido garinsu cikin ɗaki. Lokacin nan zuwa bazara shi ne lokacin sanƙarau a yankinmu, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma yana taimaka masa, saboda haka kada a tara yara da baƙi a ɗaki ɗaya don gudun sanyi, a kuma duba katin rigakafinsu. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko jinjiri yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, wannan ba na jiran safiya ba ne.

Wutar lantarki: a hunturu ne mutane ke jona abin dafa ruwa, shi kuma yana jan wat 1,000 zuwa 2,000. Ka tambayi mai wayarin kaurin wayar da ya sa. Ta fitilu 1.5 ce, ta soket 2.5. Idan ya ja soket da 1.5 don rage kuɗi, wayar tana iya yin zafi a cikin silin idan kaya suka yi mata yawa, inda katako ya bushe ƙayau. Jona abin dafa ruwan na minti goma ka taɓa soket ɗin, idan ya yi ɗumi a kira shi. Ka sa ya nuna maka na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta kama mutum, wadda masu lantarki a nan ke kira diferansiyel, mai lamba 30 mA. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, danna shi, wuta ta ɗauke nan take. In ba ta ɗauke ba, ko babu ita gaba ɗaya, a sa kafin yara su shigo. Tukunyar gas kuwa a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa tana yoyo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka kicin yana son kafa ta ƙasa, ba ta sama kaɗai ba.

Ƙofofinka za su ba ka mamaki, gara ka sani tun yanzu. Katakon da muke aiki da shi, ayus ne ko iroko ko sapeli, daga kurmin kudu da gabas yake zuwa, wajen Bertuwa, jirgin ƙasa ya sauke shi Ngaundare, manyan motoci su haura da shi. Yakan iso da ruwansa. Nan da Fabrairu za ka ga alluna sun ja baya, haske yana shigowa ta tsakaninsu, wata ƙofar ta ɗan murɗe. Kada ka yi gaggawar kiran kafinta ya ƙara katako ya cike. Damina na zuwa zai kumbura ya koma. Wadda ma za ka ji tsoro ita ce ƙofar da ta zauna cif yanzu ba sarari, domin a Agusta ba za ta rufu ba. Sarari kamar kaurin tsinken ashana ko ɗan fiye a kowane gefe shi ne daidai. Ka sa hannu ka shafa saman ƙofar da ƙasanta: yawanci ba a shafa musu fenti don ba a gani, ta nan kuwa laima ke shiga.

Tsaga a bango iri biyu ce. Siririya kamar gashi, mai yaɗuwa kamar saƙar gizo, ta shafe ce, saurin bushewa ya kawo ta, ana cike ta. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko wadda tsinken ashana ke shiga cikinta, ko wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya, wannan daga ƙasa take. Ku a filin Diyamare kun san karal, baƙar lakar nan da ake dasa muskuwari a kanta: da damina ta kumbura, da rani ta tsage har hannu ya shiga. Gidan da ke kan irin wannan ƙasa yana hawa da sauka da ita kowace shekara. Idan ka ga irin wannan tsaga, ja layi da fensir a ƙarshenta, rubuta kwanan wata, ka ɗauki hoto. Duba ta a Maris, ka sake dubawa a Satumba. Wadda ta tsaya a cike ta. Wadda ke tafiya a kira wanda ya san harsashi, fenti ba ya maganinta.

Abin da hunturu ya ɓoye kuwa sai ka bi shi da dabara. Laima mai hawowa daga ƙasa ba ta nuna kanta yanzu, sabon fenti ya rufe tabon. Je ka kalli bangon maƙwabta da ba a gyara ba, ko bayan gidanku: idan akwai layi mai duhu ko farin gishiri daga ƙasa zuwa gwiwa, to naku ma haka yake a ƙarƙashin fentin. Tambayi dattawan layin inda ruwa ke tsayawa a Agusta, da ta inda yake bi ya faɗa Mayo Kaliyawo. Waɗanda suka gyara gidaje a Kuseri da Yagwa bayan ambaliyar 2022 da ta 2024 sun ga yadda bangon da ya sha ruwa ke tofar da sabon fenti idan an yi masa gaggawa. Gwada da farar leda mai faɗin kamu biyu: manna ta a ƙasan bango da salatif, a rufe gefe huɗu, a bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon yana da ruwa har yanzu. Kada a jingina masa kabad ko buhunan hatsi, a bar tazarar tafin hannu.

Rufi ma kada ka jira hadari ya gwada maka. Da tsakar rana ka leƙa cikin silin ta ƙofar da aka bari, ka kashe tocila. Duk ɗigon haske da ka gani, ɗigon ruwa ne a Yuni. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a kwarinsa ba. Sai wani ya hau da tiyo ko bokiti ya zuba ruwa a mahaɗar tsohon kwano da sabo, da inda kwano ya haɗu da bango, kai kana ciki kana kallo. Ka duba kuma yadda aka ɗaure katakon rufin da ginin. Guguwar farkon damina ita ke yaye rufi a ƙasar nan, kuma ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi, sai an zagayo da ƙarfe daga cikin ginin. A banɗaki a toshe magudana a tara ruwa, a ga ko yana gangarawa inda ya kamata. A saki famfuna su zuba na ɗan lokaci don su wanke dattin sabon bututu, a wanke tanki. Idan wari ya taso daga magudanar da ba a amfani da ita, ruwan da ke tare warin a cikin bututun ne ya ƙafe, kofi biyu na ruwa ya isa.

Maganar kuɗi. Leburori da masu aikin yini a biya su cif, hakkinsu ne, an ce a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Amma mai kwangilar, ku zauna da shi gaban shaidu biyu, ku zagaya wuraren da ka yi wa alli, a rubuta abin da zai gyara yanzu da abin da zai dawo ya duba bayan ruwa biyu ko uku na farko, a bar kamar kashi ɗaya cikin goma har lokacin. A aikin gwamnati ma haka ake riƙe wani kaso. Idan tun farko ba ku yi wannan sharaɗin ba, to da lalama za ka nema, ba da tsawa ba. Magini na ƙwarai ba ya ƙin wannan, don ya san sunansa ne a jikin bangon.

Kwanakin jiran nan ba asara ba ne. A cikinsu ne za ka shiga gidajen maƙwabta ka gaishe su, ka je wurin lawan ko jauro ka sanar da shi gidan ya dawo da mutanensa, a karanta Suratul Baƙara a ciki, a yi sadaka gwargwadon hali. Kai ko wani saurayi daga cikin dangi ku fara kwana a ɗakin da aka fara gamawa, domin dare ne ke nuna tagar da iska ke shigowa da famfon da ke ɗiga. Kayan ƙarfe da na kicin su fara shiga, katifu da barguna da kayan jinjiri su zo ƙarshe, tun da su ne ke shan wari su riƙe.

Aiki ɗaya ya rage da za ka sa a ranka kafin Mayu, kuma ya fi arha a yi shi yanzu da ƙasa take a bushe. A cike gindin ginin ta yadda ƙasa za ta gangara daga bango zuwa waje, a zuba daɓe mai faɗin kamar mita ɗaya a zagaye, a ba shi ruwansa na kwana 7 cif, a kuma fitar da ruwan indararo da na wanke-wanke nesa da harsashi. In kana son dasa dogon yaro don inuwa, bari sai ruwa ya sauka, kuma ka ja shi can tsakiyar fili ko bakin katanga ta waje. A kan laka saiwarsa tana tsotse ruwan da ke ƙarƙashin gini da rani, gefen da ke kusa da ita ya zauna ya bar ɗayan.